Wa Zai Kayar Da Wani? Gardamar Samari A Kan Jaruman Da Ba A Taɓa Haifa Ba

Duk wanda ya saba wucewa ta teburin mai shayi bayan sallar Isha'i, ko ya tsaya a ƙofar gidan kallo a daren da babu wasan ƙwallo, ko kuwa ya leƙa ɗakin kwanan ɗalibai bayan an gama jarrabawa hankali ya kwanta, lalle ya taɓa cin karo da wata irin gardama wadda, in ya ji yadda muryoyi suke tashi da yadda rantsuwa take bin rantsuwa, zai zaci gado ake rabawa, alhali kuwa abin da ake jayayya a kansa bai wuce wannan ba: in aka haɗa Superman da Batman a fili ɗaya, wa zai kayar da wani?

Wani ya ce, "Haba malam, mutumin da harsashi ba ya huda shi, ga shi yana shawagi a sama, idanunsa suna feshin wuta, ina shi ina ɗan Adam mai jini da tsoka?" Abokinsa ya amsa, "Kai dai ba ka san Batman ba ne. Ba shi mako guda ya shirya, ka ga aiki." Kafin a raba su, na uku ya jefa tasa, ya ce su duka biyun yara ne in Goku ya shigo, sai gardama ta koma ɗanya.

Wannan musu ya game duniya, ana yin sa a Amurka da Japan da Masar da Indiya, kuma tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowane saurayi, fina-finan ƙetare suka wadata har da masu fassarar Hausa, ya samu wurin zama a majalisun samarinmu. Manya da dama suna ɗaukarsa wauta tsagwaronta. Ni kuwa ina ganin abin da ya iya riƙe zukatan miliyoyin mutane shekaru aru-aru, kamar yadda za a gani nan gaba, ya cancanci a zauna a dube shi da natsuwa.

Su wane ne jaruman?

Superman ya fara bayyana ne a shekarar 1938 cikin fitowar farko ta mujallar labaran zane mai suna Action Comics, kuma waɗansu samari biyu ne na birnin Cleveland a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙaga shi. A labarinsa, jariri ne da iyayensa suka cillo shi cikin kumbo daga wata duniya mai suna Krypton gab da tarwatsewarta, ya faɗo a ƙauyen Amurka, wani manomi da matarsa suka tsince shi suka rene shi a kan gaskiya da tausayi, ya girma da ƙarfin da babu mahaluƙin da yake da irinsa a doron ƙasa.

Batman kuwa ya biyo baya a 1939, daga hannun Bob Kane da Bill Finger. Shi mutum ne kamar kowa, ɗan attajirai, wanda ɗan fashi ya kashe masa uwa da uba a gaban idonsa yana yaro, saboda haka ya yi alwashin yaƙar miyagu iyakar rayuwarsa, ya horar da jikinsa, ya ƙware a bincike, ya zuba dukiyar da ya gada wajen ƙera makamai. Ba ya tashi sama, takobi yana yankarsa, yunwa da tsufa suna cinsa.

Tun daga nan mai hankali zai gane abin da ya sa waɗannan biyun suka fi kowa jawo gardama. Ɗaya baiwa ce aka haife shi da ita, ɗayan kuwa himma da dabara ne suka kai shi inda ya kai, kuma tambayar wanne ya fi rinjaye tsakanin ƙarfi da dabara ta girmi Amurka, ta girmi takarda da tawada.

Ba yau aka fara ba

Kimanin shekara dubu da ta wuce, a wajen 1010, mawaƙin Farisa Firdausi ya kammala babban littafinsa Shahnama, kuma daga cikin ƙissoshinsa da suka fi shahara akwai karon Rustam da Isfandiyar. Isfandiyar ɗan sarki ne wanda ƙarfe ba ya cin jikinsa, wato ɗan tauri na ƙarshe. Rustam kuwa dattijon barde ne da bai taɓa sanin kaye ba. A ranar farko Rustam ya sha raunuka har ya janye daga fage, cikin dare tsuntsuwar nan Simurg ta warkar da shi, ta kuma sanar da shi cewa lagon abokin gabarsa yana cikin idanunsa, ya sassaƙa kibiya daga wani icce na musamman. Da gari ya waye, kibiya guda ta gama yaƙin.

Mutanen Yunan ma suna da Akilis, wanda aka ce ba shi da makasa sai a diddige. Masu ba da labari a ko'ina sun fahimci cewa jarumin da ba shi da lago ba ya ba da labari mai daɗi, domin in an san ƙarshe tun daga farko, babu mai zaman jin tsakiya. Don haka ba abin mamaki ba ne da masu wasan kwaikwayon Superman na rediyo suka shigo da wani dutse a 1943, kiriftonait, ɓarɓashin duniyarsa ta asali, wanda da zarar an kusanto da shi gare shi sai ƙarfinsa ya tsiyaye. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kowane asiri yana da makari.

Mu ma muna da namu. A cikin tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913, waɗanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da a yau ake kira Gana, akwai ta wani mai alfahari da ƙarfinsa da ya je ya tsokano ainihin Namiji Mijin Maza, ya sheƙa da gudu har ya fake wurin wani ƙato na daji. Ƙattan biyu suka kama kokawa, suka yi ta yi har suka yi tsalle suka shige sama, kuma tatsuniyar ta ce har yau suna can, in ka ji tsawa su ne suke fafatawa. Kakanninmu da suka tsara wannan labari sun ƙi yanke hukunci da gangan, sun bar wa yara abin musu a dandali.

A wata tatsuniyar kuma Gizo ya ɗaura wa Giwa igiya, ya kai ɗaya bakin ga Dorina, kowannensu yana zaton da Gizo yake ja-in-ja, shi kuwa yana gefe a inuwa. Duk saurayin da yake goyon bayan Batman a teburin shayi, ko ya sani ko bai sani ba, hujjar Gizo yake kafawa.

Malaman adabin Larabci kuwa sun mai da irin wannan gasa fanni mai zaman kansa, suna kiransa munazara ko mufahara, inda ake sa Takobi da Alƙalami su yi jayayyar fifiko, kowanne ya kawo dalilansa. Jahiz na Basra ya cika shafuka masu yawa na littafinsa na dabbobi da muhawara tsakanin mai kare martabar kare da mai kare martabar zakara, kuma babu wanda ya ce ya ɓata tawada.

Yadda ake kafa hujja

Abin da ya fi ba ni sha'awa, in na saurari waɗannan samari da kyau, shi ne cewa ba ihu kaɗai suke yi ba. Akwai ƙa'idoji da suke bi, ko da ba a rubuce suke ba. Ba a karɓar magana sai da shaida: a wane fim ne ya ɗaga wannan dutsen, a wace fitowa ce ya tsere wa haske? Wanda ya ce "ni dai haka nake ji" an kayar da shi ke nan.

Amma matsalar farko da suke cin karo da ita ita ce saɓanin ruwayoyi. Superman na 1938 ba ya tashi sama ko kaɗan, tsalle kawai yake yi ya haye dogon bene, kuma babban makamin igwa yana iya yi masa rauni. Zuwa shekarun 1960 marubuta sun kambama shi har yana jan duniyoyi da sarƙa. A 1986 kamfanin DC, mai buga labaransa, ya ga abin ya wuce kima, ya sa John Byrne ya sake tsara shi da ƙarfi mai iyaka, kuma a 1992 wani dodo mai suna Doomsday ya kashe shi, sai aka dawo da shi a shekarar da ta biyo. To, wane Superman ake nufi? Marubuta ɗaruruwa sun riƙe alƙalaminsa cikin shekara fiye da tamanin, kowa da nasa, kuma mai gardama yakan zaɓi ruwayar da ta dace da son ransa ya yi shiru a kan sauran.

Matsala ta biyu ta ƙiyasi ce. Sukan ce tun da wane ya kayar da wane, shi kuma wancan ya taɓa kayar da wane, to lalle na farko zai kayar da na ƙarshe. Duk wanda ya san dambe ya san wannan ƙiyasi gurgu ne, domin akwai ɗan damben da ya gagari gari amma wani bahago guda yana ba shi wahala kullum. A 1978 kamfanin DC ya buga labarin da Muhammad Ali ya yi dambe da Superman a wata duniya mai jar rana, inda ƙarfin Superman ba ya aiki, kuma Ali ya lallasa shi sarai. Wanda ya ɗauki wannan ya gina hukuncin cewa duk ɗan damben da ya taɓa kayar da Ali zai kayar da Superman ya manta da sharaɗin jar rana, kuma hukunci ba ya tabbata in sharaɗinsa ya kau.

Haka abin yake game da Goku, jarumin Dragon Ball da marigayi Akira Toriyama na Japan ya fara zanawa a 1984, wanda ya ɗauko siffarsa daga Sarkin Birai na tsohon adabin Sin. Ɗabi'ar Goku ita ce duk lokacin da aka doke shi yakan koma ya yi horo ya dawo ya fi da. Shirin Death Battle, wanda ake watsawa a YouTube, ya haɗa shi da Superman a 2013 da 2015, duka biyun ya ba Superman nasara bayan dogon lissafi, kuma magoya bayan Goku ba su yarda ba har yau, suna cewa an auna jarumai biyu da ma'aunin ɗaya daga cikinsu.

Alƙalami ne alƙali

Marigayi Stan Lee, wanda yake da hannu a ƙirƙirar jarumai da dama na kamfanin Marvel, ya taɓa amsa wannan tambaya a taƙaice, inda ya nuna cewa mai nasara shi ne duk wanda marubuci ya ga dama ya yi nasara. Gaskiya ya faɗa, kuma tarihin sana'ar ya gaskata shi.

A 1996 kamfanonin DC da Marvel suka haɗa kai suka buga labarin da jarumansu suke karawa, suka bar wa masu karatu su yanke hukuncin karo biyar ta hanyar ƙuri'a. Superman ya kayar da Hulk, Batman ya yi galaba a kan Captain America, Wolverine kuma ya doke Lobo, wanda bisa ga labaransa ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Farin jini ne ya yi aiki a nan, marubuta kuwa suka zauna neman dalilin da za su ɗora wa sakamakon da aka riga aka ba su.

Lokacin da kamfanin Toho na Japan ya haɗa King Kong da Godzilla a 1962, gwaggon birin da a fim ɗinsa na farko na 1933 tsawonsa bai kai mita ashirin ba sai aka miƙe shi ya haura mita arba'in, don kada a ce an haɗa yaro da babba. A ƙarshen fim ɗin su biyun suka rikito cikin teku, King Kong kaɗai aka ga ya taso yana iyo, aka bar 'yan kallo da musu a bakinsu.

Kada kuma a manta da cewa akwai kasuwa a bayan duk wannan. A shekarar 2016 kaɗai, fim ɗin Batman v Superman ya tara sama da dala miliyan 800, shi kuma Captain America: Civil War, inda jaruman Marvel suka rabu biyu suna yaƙar juna, ya haura dala biliyan ɗaya. Kamfani ba zai yarda a wulaƙanta hajarsa ba, shi ya sa irin waɗannan karo suke yawan ƙarewa da sulhu. A fim ɗin 2016 an daina faɗa ne bayan Batman ya gano cewa mahaifiyarsa da matar da ta reni Superman duk Martha ne sunansu. Abin takaici a nan, samarin nan biyu na Cleveland sun sayar da haƙƙin mallakar Superman a kan dala 130 kacal, suka shafe shekaru suna shari'a cikin ƙuncin rayuwa yayin da wasu suke kwasar miliyoyi.

Abin da manya suke tsoro

Iyaye da malamai da suke ƙyamar wannan gardama suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Na farko lokaci: yaron da zai lissafo maka makaman Batman ɗaya bayan ɗaya amma bai iya kawo farillan alwala a jere ba, akwai gyara a tarbiyyarsa. Na biyu aƙida, domin waɗansu daga cikin labaran suna jingina wa halittun zane siffofin da ba su dace da kowa ba sai Mahalicci, har wasu jaruman, irin su Thor, daga gumakan maguzawan Turai aka ɗauko su, kuma yaro ƙarami yana bukatar babba ya bambance masa almara da gaskiya.

Na uku shi ne sharrin musu kansa. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi dogon bayani a kan cututtukan da munazara take haifarwa in an yi ta don neman rinjaye, irin su hassada da girman kai da ƙullata da ƙin karɓar gaskiya, kuma ya zo a hadisi cewa akwai lada mai girma ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya. An sha ganin abokai sun yi kwanaki ba sa gaisawa a kan jarumin da bai san da zamansu ba, balle ma babu shi.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Malamin makaranta mai lura zai ga cewa ɗalibin da yake nauyin baki a aji, in aka zo batun Goku sai ya kawo da'awa, ya kawo shaida, ya hango raddin abokin hamayya ya tare shi tun kafin ya iso. Waɗannan su ne tubalan ilmin manɗiƙ da ake wahalar cusa wa ɗalibai. Ga shi kuma fage ne marar haɗari: in an yi kuskure a kan Hulk babu wanda aka zalunta, saɓanin gardamar siyasa da ta ƙabilanci da take raba zumunci. An ruwaito cewa Imamu Shafi'i bai taɓa muhawara da kowa ba face yana fatan gaskiya ta bayyana ko da a harshen abokin muhawararsa ne, kuma ina ganin wannan ladabi ya fi sauƙin koya wa yaro a kan batun da ba ya taɓa mutuncin kowa.

To, wa zai kayar da wani?

Ba zan kauce wa tambayar ba. In aka haɗa su ba shiri, ba makari, kowa da abin da yake da shi, Superman zai gama da Batman kafin ƙiftawar ido, kuma duk mai adalci daga magoya bayan Batman ya san haka.

Shaida mafi ƙarfi da suke kafawa ita ce littafin Frank Miller na 1986, The Dark Knight Returns, inda Batman, yana da shekara hamsin da biyar, ya tsaya a kan Superman. Amma a dubi sharuɗɗan da aka tara kafin hakan ta yiwu: Batman ya sa sulke mai jan wutar lantarkin birni, Superman bai daɗe da farfaɗowa daga bugun makamin nukiliya ba, sannan wani maharbi ya laɓe ya sakar masa kibiya mai kiriftonait, tamkar dai kibiyar Rustam ce ta sake dawowa bayan ƙarni goma. Kuma duk da haka, babban dalilin da ya sa Batman ya rayu shi ne Superman bai zo da niyyar kisa ba. Tun farkon karon yana lallashin tsohon abokinsa, kuma bayan Batman ya yi mutuwar ƙarya, Superman ya ji bugun zuciyarsa a wurin jana'iza ya rufa masa asiri.

Wannan shi ne abin da masu gardama suka fi mantawa. Suna auna nauyin da jarumi yake ɗagawa da gudun da yake yi, ba sa auna halinsa, alhali duk dabarun Batman an gina su ne a kan yaƙinin cewa ɗan manomin nan ba zai yi amfani da cikakken ƙarfinsa a kan mutum ba. Musulmi ya san cewa ƙarfi na haƙiƙa shi ne mallakar kai a lokacin fushi, kuma da wannan ma'auni ma Superman ne a gaba.

Ina namu jaruman?

Abin da yake damuna ya wuce wannan hukunci. A 1934 aka buga Gandoki na Malam Bello Kagara, barden da ya yi yaƙi da Turawa sannan ya shiga duniyar aljannu yana fafatawa. A farkon shekarun 1950 Malam Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya ɗauko tushensa daga jarumin almarar Rasha Ilya Muromets ya sa masa rigar Hausa har mai karatu ba ya jin baƙunta. Daga baya marubutan littattafan yaƙi na Kano, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun cika kasuwa da sadaukai da matsafa da aljannu. Kayan gardama jibge suke a gidanmu, amma da wuya ka ji samari suna musun ko Iliya zai iya da Gandoki, saboda babu wanda ya zana musu su, babu wanda ya sa su a allon waya.

Ina kira ga masu zanenmu da marubuta da masu shirya fim su ɗauki waɗannan sadaukai da muhimmanci, su nemi izinin magada da kamfanonin da suke riƙe da haƙƙin littattafan, su kuma rubuta yarjejeniya tsakaninsu tun farko don kada abin da ya sami Siegel da Shuster ya same su. Malaman Hausa a sakandare kuma su gwada raba aji biyu bayan an karanta littattafan nan, rabi su tsaya wa Iliya rabi su tsaya wa Gandoki, da sharaɗin kowace magana sai an nuna shafinta, kuma wanda ya zagi abokinsa ya faɗi.